Farantin da Na Ware Maka

Zuwa ga ƙanina Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Tunda ka hana a ba ni lambarka, na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka.

Shekara ashirin da uku muna kiranka Hauwa. Da likitoci suka bincika suka ce tun asali namiji ne kai, halittar ce ta zo a rufe, aka yi maka aiki, aka gyara sunan a iƙama, katin zamanka na Saudiyya, malamai suka ce babu laifi. Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe a kamfaninmu na dabino da ke unguwar Aziziya a Madina ko farawa ba a yi ba.

Ranar da ka dawo aiki, matan da kuka shekara huɗu kuna tsince dabinon ajwa tare suka ja niƙabi suka rufe ƙofar sashensu. Su ban ga laifinsu ba. Amma mu maza fa? Mudir, manajan kamfanin, ya rasa inda zai kai ka, sai ya sa aka ajiye maka tebur a lungun da ke tsakanin sassan biyu, kana liƙa takarda a kwali kai kaɗai. Kai da kake gane dabino mai tsutsa tun kafin ka taɓa shi!

In ka nufi wurin alwala, sai kowa ya tuna yana da uzuri. A sahu a bar maka fili dama da hagu, liman na ta cewa a haɗa kafaɗa.

Duk wannan ka haɗiye. Abin da ya kore ka na san shi, don ni na aikata.

Ka san al'adarmu. In an idar da azahar a shimfiɗa sufra ta cin abinci, a juye kabsa, shinkafar nan da nama, a tire ɗaya, Bayamane da Basudane da Bahaushe kowa ya sa hannu. Ni ne shugaban sashe, ni ke rabon nama. Rannan sai ka wanke hannu ka zo ka zauna kusa da ni. Malam Abakar, dattijon nan na Chadi, ya janye hannunsa yana kallon sama. Ni kuwa, yayanka uwa ɗaya uba ɗaya, na miƙe na ɗauko faranti na zuba maka naka daban, har da zaɓo maka cinya, wai ni ga mai kirki.

Ka dube ni ka ce, "Yaya, har da kai?"

Ba ka taɓa abincin ba. Sati biyu bayan nan ka karɓi takardar fita daga ƙasar ba dawowa, ka bar Madina, garin da aka binne cibiyarka.

Watan jiya shugabannin kamfani suka manna takarda a bango, wai kamfaninmu gidan kowa ne, a mutunta kowane ma'aikaci. Mudir ya sa na fassara wa Hausawa, aka tafa, Malam Abakar ya fi kowa tafi. Takardar tana daidai saman inda teburinka yake a da, yanzu tarin kwalaye ne a wurin. Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci. Ai kai ba takarda ka nema ba. Mutum ɗaya ka nema ya gusa ya ce maka bismillah, kuma ni ne na fi kowa kusa.

Ina jin haushinsu, Haruna, amma haushin kaina ya fi.

Umma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai tun ranar da ka tafi, duk Juma'a in mun taru a gidanta da ke unguwar Bani Harisa, takan juye wa ƙannenmu a tire ɗaya, ni kuma ta zuba mini nawa a ƙaramin faranti, ta ɗora cinya a kai. Shekara biyu ke nan ina ci a haka.

Ƙanina, ban ce ka dawo ba, ba ni da bakin faɗa. Ka dai aiko da ko kalma ɗaya ce.

Allah ya haɗa ka da abokan aikin da za su matsa maka wuri ba sai an rubuta musu a bango ba. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya yafe mini, ya sa mu sake sa hannu a tire ɗaya kafin ƙasa ta rufe idona.

Yayanka da ya kunyata ka,
Sani