Guntayen Auduga a Hannun Inna

Daren Laraba, tsakiyar sanyi

Tun da farin bana ya sa muka sayar da bargonmu muka sayi gero, ɗana Habu yake kwana tari. Yau surukata Inna, wadda idonta ya tafi, ta sa na tattaro guntayen audugar tsohuwar katifa. Wasu ko tafin hannu ba su kai ba.

Ta ce, "'Yar nan, kar ki ɗora wani kan wani, tudu zai yi. Haɗa su baki da baki."

Da lalube ta ɗinke su, muka shimfiɗa tsakanin zannuwa biyu muka sake bi da zare. Na shafa, na shafa, ban ji mahaɗi ba. Ikon Allah! Ga Habu nan ciki yana barci, tun magariba bai yi tari ba.