Gaisuwar da Malam ya sa na yi a gaban aji

Daren Talata

Barci ya ƙi zuwa. Yau a jami'a Malam Sabo yana koya mana cewa jiki ma yana ɗaukar karatu, sai ya kira ni gaban allo. Ya ce, "Habu, nuna musu yadda ka gaishe ni da safe."

Na durƙusa har ƙasa, yadda aka koya mini a gida. Aji ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Kun ga yadda tsoro yake zama a gwiwa."

Ɗan unguwarmu ne fa a Kiru. Da Sallah na gan shi durƙushe gaban Baba, takalmansa a ƙofar zaure.

Gobe a tsaye zan gaishe shi, in gwiwar tawa ta yarda.