Kwalaben da Mama Ta Wanke

Kafanchan,
14 ga Oktoba, 1976.

Zuwa ga yayana Meshak,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Caroline da yara. Allah ya ƙara kiyaye ku a Sakkwato. Mu nan jiki da sauƙi, acca ta yi kyau bana a gonar Fadan Kaje. Sai dai gidanmu ba daɗi, shi ya sa na zauna rubuta maka.

Ka san ƙanenmu Kambai yana cikin malaman kimiyya da aka tura Ikko a dogon hutu, suka shiga jirgin ruwa tare da masu binciken teku. Ya ce ya gaji da zana wa yara teku a allo alhali shi kansa bai taɓa ganinsa ba. Ya sha wuya, amai har ya rame, amma ya dawo da kwali cike da kwalabe, ƙananan kifaye da ƙaguwa da wasu halittun da ban san sunansu ba, duk a jiƙe cikin ruwan magani don kada su ruɓe. Da hannunsa ya kamo su, kuma tun kafin ya tafi ya yi wa ɗalibansa alkawari za su gani da idonsu.

To, ka san al'adar gidanmu, wanda ya dawo daga tafiya ɗakin Mama ake kai kayansa, ita ke raba tsaraba. Daga tasha aka kai kwalin can, shi kuma ya wuce makaranta gaida shugabansu. Mama ta buɗe kwalba ɗaya, wari ya buge ta. Ta ɗauka kifin miya ne ɗanta ya sayo mata ya lalace a hanya, ta ce kada ya gani ransa ya ɓaci. Sai ta juye duka a masai, ta wanke kwalaben tas da toka, ta kife su a rana. Ni ina kasuwa lokacin, kaico.

Kambai bai yi faɗa ba, da ma ya yi! Ya dubi kwalaben kawai ya shige ɗaki. Tun ranar, maganarsa a gida daga "ina kwana" sai "sai da safe". Yara suna tsokanarsa da Malam Teku, wasu malamai kuma suna cewa shan iska ya je Ikko. Yanzu maganar barin koyarwa yake yi, wai zai nemi aikin reluwe. Na ce masa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ko kallona bai yi ba.

Mama ta rage cin abinci, ko zumuntar mata ta daina zuwa. Shekaranjiya, da ƙafar nan tata mai ciwo, ta sauka rafi ta kamo 'yan ƙaguwa, ta zuba su a kwalaben da ruwan gishiri ta jera masa a ƙofar ɗaki. Da ya fito ya gani sai ya ce, "Mama, ai ba irinsu ba ne." Ya ratsa gefe ya tafi aiki, ita ta kwashe abinta. Yaya, na yi kuka ranar, ina jin haushinsa ina kuma jin tausayinsa.

Don Allah ka rubuta masa, kai kaɗai yake jin maganarka. Ka gaida Caroline da Roseline da ɗan autanku. Baba Kumai da Lai'atu suna gaishe ku. Mama ma tana gaisuwa, ta kuma ce in tambaye ka ko tsohuwa za ta iya zuwa Ikko ita kaɗai a jirgin ƙasa.

Ni ce ƙanwarka,
Afiniki.