Ƙyauren Ɗakin Hauwa

Daren Alhamis, watan Safar, Kankia.

Yau na tsayar da ƙyauren ɗakin matata Hauwa. Tun da ta rasu yake buɗewa yana rufewa shi kaɗai, ko babu iska, har Inna mahaifiyata ta ɗaure kayanta ta ce ƙauyen Tafashiya za ta koma, ba ta iya kwana da wannan ƙara.

Tanko maƙerin Kusada ya ba ni maganaɗisun da ya ciro daga matacciyar motar maƙwabcinsa Joji. Na kafa turke kusa da bango na ɗaure maganaɗisun a jikinsa, na buga ƙarfe a gindin ƙyauren. Ina turawa ya kama, ya tsaya cak.

Na kira Inna ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, zan zauna. Amma Audu, yanzu da me za mu san ta zo?"

Na ce, "Haba Inna, ki yi istigfari, ginin ne ya karkace."

Ginin ne kuwa, na sani. Amma ga shi gida ya yi tsit, na kasa barci. Ashe ƙarar nan nake jira kullum kafin in runtse ido. Sai yau na yarda Hauwa ta bar gidan nan. Allah Ya jiƙanta.