Harafi Uku da Na Yanke

Litinin, 3 ga Maris

Hirarmu da Malam Liman ta kai minti tara. Oga ya ce in ciro guntun daƙiƙa talatin a sa a shafin gidan rediyonmu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tace murya. Tsohon akwai tari, ga "to" da "wato" kamar sayar da su yake yi. Na share su tas. Ni in na gama da mutum, ko mai in'ina ne sai ka rantse mai karanta labarai ne.

Laraba, 5 ga Maris

Guntun ya karaɗe gari, mutum dubu arba'in sun saurara. A ciki Malam yana cewa, "Duk wanda ya bi limamin masallacin ƙetaren titi, sallarsa ba ta yi ba." Wata jarida ta buga cewa liman ya kafirta maƙwabtansa, abin da ko a guntun babu shi. Oga har lemo ya saya min. Na sha kuwa.

Alhamis, 6 ga Maris

Baba ya kira. Shekara ashirin yana sallah a bayan Malam. Ya ce, "Da kunnenka ka ji ya faɗa?" Na ce ai ni na tace. Sai ya ce, "To, ya ba ni kunya." Ya daina zuwa masallacin.

Asabar, 8 ga Maris

Oga yana son wani guntun, sai na buɗe asalin hirar. Minti na shida: tari, sannan "wai", sannan maganar. Wai! Zancen wasu yake kawowa. Bayanta ya ce, "Wannan magana ba ta da tushe, 'yan'uwanmu ne." Wannan ɓangaren bai shiga daƙiƙa talatin ba. "Wai" ɗin kuma manne take da tarin, tare na kwashe su.

Sau biyar na maimaita.

Litinin, 10 ga Maris

Na faɗa wa Oga. Ya ce, "Harafi uku ne suka hana ka sakat? Mu ba mu sa masa magana a baki ba." Gaskiyarsa, cirewa muka yi. Ya ce kada asalin hirar ya fita daga ofis, za a duba. Na san dubawar Oga. Yau ma malamai biyu ya gayyato su kara a kan maganar, waya ba ta huta ba.

Kwamitin masallaci zai zauna ranar Alhamis kan sauke Malam.

Laraba, 12 ga Maris

Uwar yara ta ce tun Asabar nake juya cokali a kwano. Na gaya mata komai, har da cewa in na fitar da hirar aikina na iya tafiya. Ta ce, "Abban yara, kai da kake gyara bakin kowa, naka ne ya gagare ka?" Na ji haushi. Tsoro nake ji, wannan ita ce gaskiyar.

Alhamis, 13 ga Maris

Na je. Mutum bakwai a kan tabarma, Malam a gefe, hularsa a gwiwa. Na kunna musu a waya sau biyu, na ce ni na yanke. Wani ya zage ni, ya kuma yi daidai.

Malam ya ce, "Na ce musu ba haka na faɗa ba, sai suka kunna min muryata. Wallahi ɗana, har na fara zargin tsufa ne ya taɓa min kai." Ya sa min albarka. Da marina ya yi da ya fi min sauƙi.

Sun bar shi a limancinsa.

Litinin, 17 ga Maris

An dakatar da ni mako biyu. Na sa cikakkiyar hirar a shafina. Mutum ɗari uku da sha ɗaya suka saurara.

Lahadi, 23 ga Maris

Azahar a masallacin Malam. Baba ya dawo, ya ce a da sahu shida ake yi. Yau biyu ne da rabi, shi yana na farko, ni ina cikin rabin. Kwana shida ke nan a jere ina zuwa. Na ce wa uwar yara don ya fi kusa ne. Ta dube ni kawai. Masallaci uku nake wucewa kafin in isa.