Jan Fenti a Bishiyoyin Maƙabarta

Sokodé, 6 ga Shawwal 1412

Daga Shehu Sharifuddeen, babban mai duba wakafai tun daga Blitta har iyakar Burkina, zuwa ga Alassani ɗan Malam Awal, a zongon Dapaong. Sallama irin ta Musulunci, don dole.

Bayan haka, labari ya iso mini cewa kurmin da mahaifinka ya raya a gangaren maƙabarta ya koma gawayi, kuma kai ke loda buhunan a kamiyo, babbar motar kaya. Shekara ashirin marigayin yana sa duk wanda ya binne ɗan'uwansa ya dasa itace, ya shayar da shi da ruwan alwalar masallaci, don kada rafi ya ci kaburbura. Kai da ka ji ana ihun dimokuraɗiyya a rediyo, sai ka ɗauka gatari ake nufi.

An ce har madacin mahaifiyarka Madina ya tafi. Da shi ka gasa nama? Damina saura wata guda. In ruwa ya tono ta, a buhun gawayi za ka kwashe ta?

Ina nan tafe da tawaga. Ka share ƙofar gida, ka wanke wannan hular taka da ta fi tukunya maiƙo. Wassalamu.

*

Dapaong, 14 ga Shawwal

Allah ya gafarta Malam. Gaisuwa da ban girma. Ban taɓa jin sunanka ba, laifin jahilcina ne. Amma wanda ya kai maka labarin nan maƙaryaci ne, ko ɗan uban wa ne.

Malam ya san yadda gardi-gardin daji, masu tsaron gandun gwamnati, suka yi da mutane shekara da shekaru, a kore ka daga gonarka saboda namun daji, a ɗaure ka saboda zabuwa ɗaya. Da ƙasa ta rikice, kowa ya fita ramuwa. Duk itacen da ke da jan fenti, alamar gwamnati ce a wurinsu. To wani la'ananne ya bi bishiyoyinmu ya shafa musu jan fenti, yau shekara biyu. Ni ma na ɗauka gardi ne, na ji tsoron kankarewa.

Ranar kasuwa samari suka zo, sun fi arba'in, baƙi daga ƙauyuka. Na ce musu wakafi ne, kowane itace da sunan mamaci. Wani ya nuna fentin ya ce, "Matattunku ma'aikatan gwamnati ne?" Na rungume madacin Inna, suka karya mini hannu, suka sare shi ina kwance ina kallo. Cikin saba'in da uku, sha ɗaya suka rage.

Gawayin gaskiya ne. Abin da ya faɗi na ƙona, da shi nake samun amalanken da ke kawo duwatsu. Ni da ƙanwata Zénabou muke jera su a gangaren, muna dasa ciyawar jema a bayansu, ni da hannu ɗaya. Wannan takardar ma ita ke rubutawa.

Hulata kuwa, ban san ta shahara har Sokodé ba. Ina da ƙane a can, Karimu, yana wajen mahauta. Ban gaya masa ba, ba abin da ya iya sai dariya. A huta lafiya.

Alassani

*

Sokodé, 23 ga Shawwal

Zuwa ga Alassani. Sallama. Allah ya ba hannu lafiya. Zancen buhu da na yi, na janye.

Sai dai mu malamai mukan duba niyya. A ce wanda ya shafa fentin yaro ne, ya gaji da masu awaki da ke sassabe rassa, ya samo ragowar fentin kamiyo, ya yi abin don ya tsorata su. A ce ya ɓuya bayan kuka yana dariya da ya ga sun kwashe awakinsu da gudu. Kai ma ka shaida shekara biyu ba wanda ya taɓa ko ganye. Irin wannan mutum, me za ka yi masa? Tambaya ce ta ilimi kawai. Wassalamu.

*

Dapaong, 2 ga Zulƙida

Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa. Amsar ilimi ba ni da ita, ga tawa.

Shekara sha takwas bishiyoyin nan suka yi ba fenti. Abin da ya tsare su shi ne mai akuya ya san kakarsa na kwance a ƙarƙashi. In ya sari reshe, Baba ya kira shi ya ba shi tulu, ya yi ban ruwa kwana bakwai, a wuce wurin. Wannan mai wayon ya cire su daga hannun Allah da jama'a ya miƙa wa gwamnati, don ya yi dariya.

Shekaranjiya an yi ruwan farko. Layin duwatsu biyu ya riƙe, na uku ya ɓalle, taku huɗu tsakaninsa da kabarin Inna. Zénabou ta tsaya cikin laka har gwiwa tana tarewa da kwarya.

Niyyarsa ta dame shi. In yana da rai, ya zo ya ɗauki dutse. In ya gama, ranar Juma'a ya tsaya ƙofar masallaci ya faɗa wa iyalan mutum sittin da biyu da bakinsa. Bayan nan ni da shi ne, hannuna na hagu lafiyarsa lau.

Tawagar Malam kuma in ba ta ɗaukar dutse, ta yi zamanta.

Alassani

*

Sokodé, 9 ga Zulƙida

Yaya, ina wuni, ya jikin.

Ba tawaga. Mutum ɗaya ne, zai sauka a kamiyon Laraba da tsiron madaci ashirin da wuƙar kankare fenti. Juma'a zai tsaya inda ka ce. Kada Zénabou ta yi girki.

Ba wani Shehu Sharifuddeen. Na ji ƙishin-ƙishin gawayin a tasha, na rasa ƙarfin halin zaginka da sunana, sai na ara rawani. Takardun ni na rubuta. Fentin ma ni na shafa.

Ƙanenka,
Karimu