Koke Kan Gilashin Motar da Ya Raba Gwaggo Napaga da Ɗakinta

Daga: Wumbei Neindow, malamin firamare mai ritaya, Gidan Neindow, Sakpaligu, ta hanyar Yendi.

Zuwa ga: Mai Girma Babban Jami'i mai sauraron koken masu sayen kaya, Ofishin Yankin Arewa, Tamale.

Ranar 19 ga Agusta, 2024.

Ranka ya daɗe,

Game da: Tsagewar gilashin gaba na wata sabuwar mota har sau huɗu, da takardar da kamfani ya bayar a kai, da abin da takardar ta jawo wa wata tsohuwa.

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kujerarka, ina neman izinin gabatar da koke a kan kamfanin sayar da motoci wanda sunansa ke kan rasidin da na haɗo. Motar ba tawa ba ce, ta ƙanena ce, Azindoo Neindow, manomin doya da waken suya. Bai san na rubuto ba, domin ba ma magana yanzu. Wadda abin ya faɗa wa kuwa ba ta karatu ba ta rubutu. Gwaggonmu ce, Napaga, yayar mahaifinmu, wadda ta goye mu ni da shi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tun watan Mayu ba ta kwana a ɗakinta ba. Ban zo da fushi ba, ranka ya daɗe, wannan ya riga ya ƙare mini. Zan jera abin da ya faru kawai.

1. Ranar 10 ga Fabrairu Azindoo ya sayo farar a-kori-kura sabuwa fil, ko ledar kujerun ba a cire ba. Ita ce sabuwar mota ta farko da ta taɓa shiga garinmu, sauran duk na hannu ne. Gwaggo ta fito ta yi guɗa, ta zagaya motar, ta shafa gilashin gaba da tafin hannunta, ta sa albarka. Rabin gari na tsaye ana kallo. Na ambaci wannan ne domin daga baya an tuna da shi.

2. Ranar 6 ga Maris da tsakar rana, motar na tsaye a ƙofar gida, inji a kashe, kusa da inda gwaggo ke shanya kalwarta ta daddawa, sai aka ji ƙas. Gilashin ya tsage daga kusurwar ƙasa ta gefen fasinja, tsagar ta hau sama. Ba dutse, ba yaron da ya yi jifa. Kamfani ya canza shi a ƙarƙashin garanti bayan jeka-ka-dawo. A watan Afrilu sabon ya tsage, daga wannan kusurwar dai. A farkon Mayu na ukun ma ya bi sahu. Tun a na biyu mata suka fara rage sayen daddawar gwaggo, ita kuwa ta ɗauka kasuwa ce ta yi sanyi.

3. A karo na uku kamfani ya ƙi canzawa. Injiniyansu ya ba Azindoo takarda mai hatimi, wadda na haɗo kwafinta. Ta ce gilashin ba shi da wani aibi daga masana'anta, babu alamar dutse a jikinsa, ba su taɓa ganin irin haka a wata mota ba, saboda haka sanadin daga gidan mai motar yake. Ni na raka Azindoo a ranar. Na zaga bayan garejinsu don in kama ruwa, sai na tarar da gilasan gaba jingine da bango, an jera su kamar faranti, irin na motarmu sak, kowanne ya tsage daga kusurwar nan. Ban ƙirga ba, amma sun kusa cika bangon. Na dawo na tambayi injiniyan. Ya dube ni ya ce, “Baba, je ka huta, wannan ba aikin alli ba ne.” Yaran garejin suka yi dariya. Ba dariyar na kawo ƙara ba.

4. Abin da na kawo ƙara shi ne inda takardar ta je. Ku a Tamale takarda ce ta kauce wa garanti. A Sakpaligu shaida ce. Azindoo ya ce ya yi mafarki ya ga gwaggo zaune a kan motar. Aka kira zama a zauren sarkin gari, magatakarda ya karanta takardar kamfani, ya mayar da ita Dagbanci, harshen garinmu, layi-layi. Na miƙe na ba da labarin gilasan bayan gareji. Wani dattijo ya ce, “Malam, masu motar da kansu sun buga hatimi sun ce ba su ba ne. Kai ka fi su sanin kayansu? Ina gilashi ɗaya da ka kawo mana?” Ban kawo ko ɗaya ba. Aka tuno shafar da gwaggo ta yi wa gilashin ranar farko, aka tuno cewa kullum a gefen ɗakinta motar ke kwana. Aka kai gwaggo wurin mai tsafin ƙasa, aka yanka kaza, kaza ta faɗi rub da ciki. Shi ke nan, aka ce mayya ce.

Ranar 24 ga Mayu aka ce ta bar gari, ta koma unguwar da ake tara tsofaffin da aka kora, can ƙetaren kogi. Na roƙi Azindoo ya kai ta a motar, ko don kayanta. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, ni ma ita ta goye ni. Amma sai ka ga gawata za ka yarda?” A babur ɗina na kai ta, da tabarma da tukunya da ƙullin zannuwa. Sau ɗaya ta taɓa hawa motar nan a rayuwarta, daga gida zuwa kasuwa.

5. Azindoo ya sa gilashi na huɗu da kuɗin aljihunsa. Ranar 15 ga Yuli ya tsage, daga kusurwar da kowa ya sani, alhali gwaggo na can ƙetaren kogi, kusan wata biyu ba ta ga motar ba. Wallahi na ɗauka magana ta ƙare. Na sa riga na tafi zaure da saurina. Suka saurare ni har ƙarshe, sannan ɗaya ya tafa hannu ya ce, “Kai! Ka ga nisan hannunta ko?” Sauran suka gyaɗa kai. Da gilashin ya zauna lafiya, da sun ce ai ga shi, tun da ta tafi aka huta. Na zauna na ɗan jima a wurin, sannan na tashi na tafi gida na ci tuwo. Ban ji komai a raina ba, har yau ma ban ji ba.

6. Na koma kamfanin na roƙi manaja ya janye takardar. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwan sanyi, ya ce abin ba daɗi, amma al'amuran ƙauye ba sa cikin garanti. Ya ce za su yi wa ƙanena ragi a gilashi na biyar. Ya ba ni kalandarsu da hula.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon ofishinka da abubuwa uku. Na ɗaya, a tura jami'i ya leƙa bayan garejin nan ba tare da sanarwa ba, kafin a kwashe abin da ke wurin, a kuma tambayi sauran waɗanda suka sayi irin motar, domin suna kan hanya da iyalansu a bayan wannan gilashi. Na biyu, a sa kamfani ya janye takardarsa a rubuce. Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro: a ba mu shafi ɗaya mai hatimin ofishinka, mai cewa aibin na motar ne, kuma jami'inka ya zo da kansa ya karanta shi da Dagbanci a zauren sarki. Hatimi ne ya fitar da ita, ba na jin wani abu zai mayar da ita in ba hatimin da ya fi shi ba. Ba na neman diyya. Motar ma in sun so su riƙe.

Ina roƙon a gaggauta, domin ruwa ya fara cin hanyar ƙetaren kogi, kuma abincin da nake kai mata ina tarar da shi yadda na bari. Ranar Juma'ar da ta wuce na je. Ta fara tambayata ko gilashin bai yanki yaron nan ba, wato Azindoo, mutum mai 'ya'ya biyar. Na ce lafiyarsa ƙalau. Ta dubi tafin hannunta. Can ta ce, “Wumbei, ko dai ni ce, ban sani ba?” Na ce ba ita ba ce, na rantse mata. Ta ce, “Kai ɗana ne, dole ka faɗi haka.”

Shi ya sa nake roƙon wanda ba ɗanta ba ya zo ya faɗa mata.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya, ya sa a duba wannan takarda da wuri.

Ni ne mai biyayya a gare ka,

Wumbei Neindow
Sakpaligu